Kirfar Da Na Busa A Dokin Ƙofarmu

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina zaman jiran aiki a gidanmu da ke Jega Magaji, na yi wata wauta da har yau idan na tuna sai in ji kamar in rufe fuskata da mayafi ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Na daɗe ina cewa zan ba ku labarin, sai in fara rubutawa in goge. Yau dai na ce bari in daure, tunda wadda abin ya fi shafa ta riga mu gidan gaskiya, mahaifiyata kuma ta ce in faɗa, wai ko wata ta ji ta kama kanta.

Na gama karatu a jami'ar Aliero, na yi bautar ƙasa na dawo, shekara biyu cur ina zaune. Maza suna cewa zaman kashe wando, ni nawa zaman kashe zani ne. Na rubuta takardar neman aiki har hannuna ya san hanya, babu wanda ya ce mini ci kanki. Kullum ina manne da waya kamar a ciki za a kira ni. Mu biyu ne a gidan, ni da mahaifiyata da muke kira Inna, don mahaifina ya rasu tun ina sakandare. Malamin allo ne, har yau idan za a yi kwatancen gidanmu sai a ce gidan Malam. Ku riƙe wannan, don ku san ɗiyar wa ta yi abin da za ku ji.

Wata ƙawata da muka zauna ɗaki ɗaya a Aliero ita ta turo mini wani bidiyo. Wata Baturiya ce tsaye a ƙofar gidanta, fes da ita, ta zuba garin kirfa a tafin hannu. Wai ranar ɗaya ga wata ka tsaya a waje ka fuskanci cikin gida, ka faɗi abin da kake so da bakinka kamar ya riga ya faru, sannan ka busa garin ya shiga. Kuma kada a share sai ya kwana ya wuni. Ƙawar tawa ta ce ita dai ta gwada, sati bai zagayo ba aka kira ta aiki. Na yi mata dariya, na ce Allah ya shirye ki, wannan ai shirme ne. Kwana uku bayan haka sai ga ni a kasuwa wurin mai kayan shayi ina tambayar kirfa, har da cewa a daka mini ta yi laushi.

Ban tsaya nan ba. Na zauna na tsara kalmomina da Hausa a takarda, don a ganina abin zai fi kamawa da harshen gida. Na sa bisimilla a sama, wai ni mai wayo, in wanke abin ya zama halas. Ga abin da na rubuta, har yau ban manta ko kalma ɗaya ba: «Da na busa wannan kirfa, alheri ya shigo gidan nan. Da na busa wannan kirfa, arziki ya zauna. Ƙofata a buɗe take. Abin da yake nawa yana nemana, kuma zai same ni.» Sai wata matsala ta taso: an ce ɗaya ga wata, to wane watan? Na Bature ko namu? Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na yanke shawarar in yi duka biyun, kada in yi kuskure. Ka ji mai digiri.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wace ce Dada. Bafulatana ce, rugarsu tana bayan Jandutsi, nono da man shanu take kawowa Jega. Tun kafin a haife ni suke tare da Inna. Ba ciniki ne kawai tsakaninsu ba, aminci ne. Ita kaɗai ce ke shiga gidanmu kai tsaye, tana sallama tana tafiya, ba ta jira a amsa, sai dai ka gan ta a ƙofar ɗakin Inna ta sauke ƙwarya. Su zauna a tabarma ɗaya, Inna na dama fura, ita tana ba ta labarin shanu ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yanta. Ranar da mahaifina ya rasu, kwana bakwai ta yi a gidanmu, ita ke kula da ni. Tun ina yarinya take tsokanata tana kira na surukarta, kuma da na girma ta yi maganar da gaske, ta nema wa ɗanta aurena. Na ce karatu nake so. Inna ta ba ta haƙuri, ta yi dariya ta ce matar mutum kabarinsa, aka wuce wurin, washegari ta zo da nononta kamar kullum.

Karon farko na yi shi lafiya lau. Bayan sallar asuba Inna na lazimi, na lallaɓa na buɗe ƙofar zaure, na tsaya a waje ina waige-waige kamar ɓarauniyar kaza, na karanta kalmomina ƙasa-ƙasa, na busa. Rabin garin ya dawo mini a fuska, na yi ta danne atishawa har hawaye. Sauran ya kwanta a dokin ƙofa, jaja-jaja. Na je na ɓoye tsintsiya a bayan randa. Inna ta yi ta nema tana faɗa, ta ga garin, ta ce ƙila yara ne suka zubar da wani abu. Ta ari tsintsiyar maƙwabta ta share. Na ji haushi sosai, a raina na ce shi ke nan ta share mini arziki.

Karo na biyu, da watanmu ya tsaya, na ƙara yawan garin don in rama. A nan ne Inna ta tsaya cak a zaure, ta daɗe tana kallo, ba ta tsallaka ba. Ta aika a kira Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke aure a bayan layinmu. Gwaggo mace ce mai kirki amma ba ta da birki. Tana zuwa ta leƙa daga nesa, ta ja da baya, ta ce, «Wanga barbaɗe na. Kar wanda ya taka.» Za ku ce ai kirfa ce, ƙamshinta bai ɓuya. To wa zai sa hanci a barbaɗe? Inna ta ce ita tana jin wani ƙamshi-ƙamshi, Gwaggo ta ce ai mai ƙamshin ya fi mugunta. Aka zo da ruwan gishiri aka kwara, aka yi tofi, aka turara gidan. Sannan Gwaggo ta juyo ta dube ni da tausayi, ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa yarinya ta gama karatu ba aiki ba miji, ashe ɗaure ta aka yi.

A nan ya kamata in buɗe baki. Da na yi, iyaka a yi mini faɗa, a yi mini dariya, a ce ɗiyar Malam ta koma bin bokayen waya. Wannan dariyar nake gudu. Kuma in gaya muku gaskiya, maganar Gwaggo ta yi mini daɗi, don ta sauke mini laifin zamana ta ɗora wa wani. Na sunkuyar da kai na yi kalar tausayi, har ruwan tofin da aka ba ni na shanye tas.

Da Dada ta zo a ranar, Inna ta ja ta ɗaki ta gaya mata, don ba ta ɓoye mata komai. Na ji Dada na ta salati. Daga ranar sai ta canza lokacin zuwanta. Da sai hantsi take isowa, yanzu gari na wayewa sai ka ji motsinta. Ban kawo komai a raina ba. Gwaggo ce ta lura, ta fara 'yan maganganu, wai me ya sa mai nono ta koma sammako, kuma kada a manta an taɓa hana ɗanta aure a gidan nan. Inna ta ce mata ta bar wannan maganar, ko a mafarki. Gwaggo ta ce to, ita dai za ta dawo gidan da kwana har sai ta ga ƙwal uwar daka.

Duk mai hankali zai daina a nan. Ni kuwa cikin satin aka turo mini saƙo in je ganawar neman aiki a Birnin Kebbi, karo na farko cikin shekara biyu. Na ce ashe abin yana ci. Ƙawata ta ce kada in kuskura in yanke, sai an jera sau uku yake kamawa. Saboda haka da ɗaya ga watan Bature ta zo, Gwaggo na ɗakin Inna tana gyangyaɗi da carbi a hannu, na sake lallaɓawa. Na karanta, na busa, na dawo na kwanta na ja zani.

Ban fi minti ashirin da kwanciya ba na ji muryar Gwaggo daga zaure tana cewa Inna ta fito ta gani da idonta. Muka fita a guje. Dada ce tsugune a dokin ƙofa, ƙwaryar nononta a gefe, hannunta na dama duk jan gari, ga kuma sauran garin a bakin zaninta ta tattara za ta ƙulle. Duk wanda ya ga haka zai rantse daga zanin take ɗiba tana zubawa. Gwaggo ta riƙe hannun ta ɗaga sama. Kafin ka ce kwabo matan layi sun leƙo, masu dawowa daga masallaci sun tsaya. Ba zan maimaita abin da Gwaggo ta faɗa ba. Ta tono maganar auren, ta tono nonon da muka sha shekara da shekaru, ta ce Allah kaɗai ya san abin da ake zuba mana a ciki.

Dada ba ta kula Gwaggo ba, ba ta kula jama'a ba. Ta miƙe a hankali, ta dubi Inna ita kaɗai, ta ce, «Ke ma kin yarda?»

Inna ta dubi hannun, ta dubi zanin, ta sunkuyar da kai. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ni ina tsaye a bayanta, ƙamshin kirfa bai ma bar tafin hannuna ba, na dunƙule shi na cusa cikin hijabi. Kalma huɗu kawai ake buƙata, in ce ni ce na zuba. Wallahi na buɗe baki, na ga idanun mutane, na mayar na rufe. Dada ta ƙulle garin a bakin zaninta, ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Labari ya zaga unguwa kafin azahar. Matan da ke sayen nononta suka daina, har a kasuwa aka riƙa nuna ta da baki. Ba a yi wata ɗaya ba muka ji ta bar shigowa Jega gaba ɗaya, ta koma wurin 'yarta a wajen Andarai, tana kai nono Maiyama. Ni kuma na daina busa, don haka gari ya daina bayyana, Gwaggo ta ce kun gani ko, an kama mai yi. Shirun da na yi ya zama shaida ta biyu a kan Dada. Ganawar Birnin Kebbi kuwa na je, ko sunana ba a sake kira ba.

Inna ta daina shan fura. Idan na sayo nono wurin wata sai ta ce tsami gare shi. Da hantsi ya yi sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana fuskantar zaure. Wata rana na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa ita ba garin ne ya dame ta ba, abin da ke cin ta shi ne shekara talatin tana zaune da mutum ba ta san shi ba. Ta rame, ni ma na rame. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ce sai ta ɗan warware.

Ina so in ce muku ni na je da kaina na durƙusa na faɗi gaskiya, amma ƙarya ce, kama ni aka yi. Bayan kamar wata uku Inna ta shiga ɗakina neman almakashi, ta jawo akwatina, ta ci karo da gwangwanin da na ɓoye da takardar naɗe a jikinsa. Ta buɗe, ƙamshin ya bugi hancinta. Ina tsakar gida ina wanke-wanke ta kira ni da cikakken sunana, abin da ba ta taɓa yi ba, don ni ce 'yar fari. Na shigo na same ta zaune a bakin gado, gwangwani a cinya. Inna ba ta karanta boko, sai ajami. Ta miƙo mini takardar ta ce, «Karanta min.»

Na karanta. Ban taɓa jin kalmomi sun yi mini nauyi a baki kamar ranar ba. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta tambaye ni sau nawa na yi, na ce uku. Ta ce ranar da aka riƙe hannun Dada ina ina? Na ce ina bayanki. Na zaci za ta mare ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, «Ubanki ya koya miki roƙon Allah, ba ki ga ya isa ba, wannan tsakaninki da Shi. Amma kina tsaye anka ci mutuncin baiwar Allah kinka yi shiru. Ɗauko mayahinki.»

Ba Andarai muka fara zuwa ba. Gidan Gwaggo muka fara, Inna ta sa na karanta takardar a gabanta, na nuna gwangwanin. Daga nan gida-gida, duk matar da ta leƙo a ranar sai da muka shiga wurinta. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wasu suka yi salati, wata tsohuwa ta tambaye ni ko abin da ake koya mana a Aliero ke nan. Dariyar da na guda wata uku na sha ta a wuni ɗaya, kuma ban mutu ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, da na ga ashe abin da na sayar da Dada a kansa bai fi haka ba. Gwaggo kuwa kuka ta yi sosai, ta ce ita ba ta da fuskar da za ta bi mu, mu roƙar mata gafara.

Washegari muka shiga mota zuwa Maiyama, daga nan muka hau kabu-kabu, muna tambaya har muka sami rugar. Mun tarar da ita a gindin bishiya tana wanke ƙore. Ta tsufa a wata ukun nan fiye da yadda na zata. Ta yi mana maraba kamar baƙin da ba ta sani ba sosai, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi hanya. Inna ta nuna ni. Na durƙusa na faɗi komai, na karanta takardar karo na ban san adadi ba, na buɗe gwangwanin na ajiye a gabanta.

Ta ɗebi kaɗan ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe, ta ce, «Ashe kayan shayi na.» Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Inna ta tambaye ta, cikin kuka, me ya sa ba ta yi bayani a ranar ba, kuma me take yi da garin a zaninta. Dada ta kakkaɓe garin daga hannunta. Sannan ta ce tun ranar da Inna ta gaya mata ana yi mana barbaɗe ta kasa barci, shi ya sa ta koma sammako, ta riga kowa zuwa ta duba ƙofar. Ranar da ta gani sai ta ce bari ta kwashe kafin mu fito, ta kai gulbi ta zubar. Inna ta ce, da hannunki, kin san abin da ake cewa yana yi wa wanda ya taɓa? Ta ce ta sani. Ta dube ni ta ce, «Na ce in na kamu na, shi kama ni. Ni na tsuhwa, ke ba ki hwara komi ba.» Game da bayani kuwa, ta ce ta tambayi mutum ɗaya da ya dace ta tambaya, ta ga amsa, sauran kuma ba su kai ta yi musu rantsuwa ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi kaina a ƙasa ba. Ita ta ɗago ni, ta ce ya isa, yaro ai yaro ne ko ya yi karatu, ta yafe duniya da lahira, har Gwaggo. Ta dama mana fura, Inna ta sha karo na farko cikin wata uku. Da za mu tafi ta ce in bar mata gwangwanin, za ta riƙa sa wa a shayi.

Aiki ya zo daga baya, a lokacin da Allah ya nufa, ba kirfa ba komai. Idan yanzu na ga irin bidiyon nan yana yawo, 'yan mata na turawa juna da kalmomin da za a faɗa, ba na yi musu wa'azi, don ba ni da bakin yi. Nakan ce dai duk abin da za ka yi a ɓoye a ƙofar gidanku, ka fara tambayar kanka wa za a ɗora wa idan an gani. Busa garin wauta ce, an yi dariya an manta. Shirun shi ne laifin, shi ne kuma ban gama yafe wa kaina ba.

Dada ta dawo kawo mana nono bayan damina, suka ci gaba da zama a tabarma ɗaya ita da Inna har shekarar da ta rasu. Amma abu ɗaya bai dawo ba. Ni da na tsaya ina kiran alheri ya shigo, ina cewa ƙofata a buɗe take, na sa wadda ta shekara talatin tana shigowa kai tsaye ta koyi tsayawa. Kullum idan ta zo sai ta ja birki a waje, ƙwarya a ka, ta yi sallama ta jira. Inna ta yi ta roƙonta ta daina, ta ce ai ba komai, haka ya fi. Sau da yawa ni nake fita in ce mata bisimilla, Dada, shigo. Sai ta dubi dokin ƙofar tukuna, sannan ta tsallaka.